Numfashi da Awonsa a Ɗakin Jinya



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne numfashi, watau yadda yake gudana a jikin ɗan Adam, da kuma yadda ma'aikacin jinya yake duba shi a jikin majinyaci. Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa malamin Hausa da zancen huhu? Abin da ya haɗa su shi ne, littafin da nas ta karanta a makaranta da Turanci aka rubuta shi, amma majinyacin da ke kwance a gabanta da Hausa yake faɗin abin da ke damunsa. Cikin dukan alamomin da ake dubawa a asibiti kuwa, numfashi yana cikin waɗanda ba sa bukatar wata na'ura, sai agogo da ido da kunne, da sanin abin da mai magana yake nufi. Shi ne kuma wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Kalmar numfashi daga aikatau numfasa ta fito, kamar yadda nishi ya fito daga nisa, domin a Hausa s takan koma sh idan wasalin i ya biyo ta. A yammacin ƙasar Hausa lumfashi ake cewa. Kamanninta da kalmar nafas ta Larabci a bayyane suke. Bahaushe ya ɗaure rai da numfashi tamau, shi ya sa idan ana tababar ko mutum ya cika, tambayar farko ita ce ko yana numfashi.

Hanyar iska

Iska takan shiga ta hanci, a nan ne ake ɗumama ta, a jiƙa ta, a tace ta. Tun daga hanci har cikin huhu an shafe hanyar da majina mai kama ƙura, a ƙarƙashin majinar kuma akwai waɗansu ƙananan gasu da ido ba ya gani, suna kaɗawa dare da rana suna turo ta sama zuwa maƙoshi, mu haɗiye ba mu sani ba. Hayaƙin taba yana kashe wa gasun nan kuzari. A lokacin hunturu kuwa, sa'ad da iska ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta lulluɓe mu da hazo, aikinsu yakan ninka, ga kuma bushewa.

A maƙoshi hanyar iska da hanyar abinci suka gitta wa juna. Akwai wani ɗan murfi da ke rufe maƙogwaro duk lokacin da aka haɗiye wani abu, in ya makara sai a ce mutum ya ƙware. Ƙasa da murfin nan ne tantanin murya yake. A nan zan ɗan ratse, domin fagenmu ne. Kusan dukan maganar da muke yi bisa iskar da ke fita daga huhu muke ɗora ta, amma Hausa tana da baƙaƙen da suka kauce wa wannan. Wajen furta ƙ da ts, maƙogwaro ne yake rufewa ya ɗaga sama ya tunkuɗo 'yar iskar da ke bisansa, huhu ba ya sa hannu. Ban da irin waɗannan, mai magana bashin iska yake ci a kowace jimla, kuma za mu ga amfanin sanin haka in mun zo ga gaisuwa.

Maƙogwaron babban mutum bai fi santimita 10 zuwa 12 ba. Daga nan ya rabu biyu, reshe guda ya nufi huhun dama mai ɓangare uku, guda ya nufi na hagu mai ɓangare biyu, wanda ya matsa ya bar wa zuciya wuri. Reshen dama ya fi faɗi, ya kuma fi miƙewa, saboda haka ƙwayar gyaɗar da yaro ya shaƙa galibi can take faɗawa. Rassan nan suna ta rabuwa biyu biyu har sau ashirin da 'yan kai, kowanne ya fi na bayansa siranta, sa'an nan su ƙare da waɗansu 'yan jakunkuna na iska. Yawan jakunkunan ya kai miliyan 300 zuwa 500, kuma da za a buɗe su a shimfiɗa, da sun rufe fili mai murabba'in mita 70 ko kusa da haka, watau daɓen ɗakuna huɗu ko biyar, duka a naɗe cikin ƙirji guda. Kowace jaka tana lulluɓe da ƙananan hanyoyin jini, bangon da ya raba iska da jini kuwa kaurinsa bai kai kashi 1 cikin 1,000 na milimita ba. Ta wannan bango ne oksijin ke ratsawa ya shiga jini, iskar kabon kuma ta fito. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin 100, wadda muke fitarwa tana da kamar kashi 16, iskar kabon kuwa da ƙyar ake samunta a mai shiga, amma ta kai kashi 4 a mai fita.

Ba a dare ɗaya aka san wannan ba. Fiye da shekara dubu likitoci suna bin ra'ayin Jalinusu cewa jini yana tsallakawa daga dama zuwa hagu na zuciya ta waɗansu ƙofofi da ba a gani. Ibn Nafis, mutumin Sham wanda ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ne ya ce babu waɗannan ƙofofi, jini ta huhu yake bi ya gauraya da iska sa'an nan ya dawo. William Harvey na Ingila ya bayyana kewayar jini gaba ɗaya a 1628, sai a 1661 Marcello Malpighi na Italiya ya ga ƙananan hanyoyin da idonsa cikin huhun kwaɗo ta madubin ƙara girma. Shi kansa oksijin sai wajen 1774 aka gano shi.

Huhu ba shi da ƙarfin jan iska da kansa. Wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yadda zugazugi ke aiki: in ɗan zuga ya ɗaga fatar, cikinta ya buɗe, iska ta faɗa, in ya danna, ta fita. Mai ɗaga fatar a jikinmu wata faffaɗar tsoka ce da ta raba ƙirji da ciki, wadda zan kira tsokar shamaki, tare da tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari. In shamakin ya tsuke ya sauka, haƙarƙari suka ɗaga, sai ƙirji ya faɗaɗa, huhu ya bi shi, iska ta shiga. Fitarta kuwa, ga mai lafiya da ke zaune, ba ta bukatar wani aiki, huhu ne kawai ke komawa yadda yake. Saboda haka duk wanda aka ga yana aiki kafin ya fitar da iska, ko yana haɗawa da tsokokin wuya da kafaɗa kafin ya ja ta, to, akwai magana.

Mai ba da umurnin wannan zuga yana can gindin ƙwaƙwalwa, ba ya barci. Abin da ya fi sa wa ido kuwa shi ne yawan iskar kabon a cikin jini, domin in ta taru jini yakan ƙara tsami. Yaron da ya riƙe numfashinsa a rafi don gasa, taruwar iskar kabon ce ke tilasta masa ya ɗago kai tun oksijin bai ƙare ba. Daga nan za a gane dalilin da ya sa numfashi ke sauyawa ko da huhu lafiya lau yake. Zazzaɓi, zubar jini, ƙarancin jini irin na maleriya ko sikila, ciwon zuciya, ciwon ƙoda, ciwon sukari, ƙwayar cuta da ta shiga jini, kowannensu yakan bayyana a numfashi, sau da yawa tun kafin awon hawan jini ya nuna wani abu.

Babban mutum a zaune yakan yi numfashi 12 zuwa 20 a minti, kowanne kamar rabin lita. In muka ɗauki 15, a yini da kwana ya yi 21,600, iskar kuma ta haura lita 10,000, abin da zai cika gangar mai fiye da 50. Amma ga wani lissafi da ya fi wannan amfani ga mai jinya. Daga cikin mililita 500 da ake ja, kamar 150 a hanya suke tsayawa, cikin hanci da maƙogwaro da rassa, ba su kai ga jini. Wanda ya ja 500 sau 12 ya shigar da 6,000 a minti, 4,200 suka isa inda ake bukata. Wanda ya ja 250 sau 24 shi ma 6,000 ya shigar, amma 2,400 kaɗai suka isa. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke kira numfashi sama-sama, kuma kalmar ta faɗi gaskiyar abin daidai: iskar a sama take tsayawa. Mai irin wannan numfashi wahalarsa ta ninka, ribarsa ta ragu, kuma tsoka takan gaji.

Ƙidaya

Ɗagawar ƙirji da saukarsa su ne numfashi ɗaya. Ana ƙidayawa minti guda cur, majinyaci yana hutawa. Wahalar ita ce numfashi yana da iyayengiji biyu, yana tafiya da kansa, kuma mai shi yana iya sarrafa shi, don haka da zarar an ce wa mutum za a ƙidaya numfashinsa ya ɓata shi ke nan. Dabarar da aka daɗe ana koya wa masu jinya ita ce, in sun gama jin bugun jini a wuyan hannu kada su saki hannun, su ci gaba da riƙewa kamar ba su gama ba, alhali idonsu yana kan ƙirji.

Minti guda ba shi da yawa, amma a ɗakin da nas ɗaya ke kula da gado talatin yakan yi tsada. Zafin jiki akwai abin awonsa, hawan jini akwai na'urarsa, numfashi kuwa sai an tsaya. Abin da kan faru, a nan da ƙasashen waje duka, shi ne a dubi majinyaci a ga bai nuna wata damuwa ba, sai a rubuta 18 ko 20. In ka ga takardar da aka jera 20, 20, 20 tun safe har dare, ba numfashin majinyaci aka rubuta ba, al'adar ɗakin aka rubuta. A 2008 waɗansu likitoci a Ostareliya sun buga maƙala musamman a kan wannan sakaci, suna nuna cewa hawan numfashi yana cikin alamomin farko na majinyacin da zuciyarsa ke dab da tsayawa. A 2012 kuma Ƙungiyar Likitoci ta Landan ta fito da wani ma'aunin gargaɗi na bai ɗaya ga asibitocin Ingila, inda numfashi 25 ko fiye a minti, ko 8 zuwa ƙasa, ke samun maki mafi girma na haɗari. Ina jawo hankalin ma'aikatan da ke tsara yawan ma'aikata a asibitoci ga wannan, domin laifin 20 ɗin nan ba na nas kaɗai ba ne, har da wanda ya bar ta ita ɗaya.

Bayan yawa sai zurfi da tsari. Numfashi mai zurfi ƙwarai, mai ƙarfi, ba tsayawa, ga mai ciwon sukari, alama ce jini ya yi tsami jiki yana ƙoƙarin korar iskar kabon. Adolf Kussmaul na Jamus ya siffanta shi a 1874. Akwai wanda ke farawa a hankali, ya yi ta ƙaruwa, ya ragu, ya ɗauke ɗif na ɗan lokaci, sa'an nan ya sake farawa, wanda likitoci biyu na birnin Dablin, John Cheyne a 1818 da William Stokes a 1854, suka bayyana. Ana ganinsa ga mai ciwon zuciya da ya yi nisa, da wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, da mai gargara, kuma tsofaffin da suka saba zaman jinya sun san shi ko ba su san sunansa ba. Numfashi ɗai-ɗai kuwa, ga saurayin da aka kawo ba ya cikin hayyacinsa, ya kamata ya sa a tuna da kodin da tiramol da danginsu, domin suna danne mai ba da umurnin nan na gindin ƙwaƙwalwa. Gwamnatin Nijeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Wanda ya sha irin waɗannan har ya yi ta minshari ba a iya tashinsa, kada a ce barci yake a bar shi ya huce.

Yadda majinyaci ya zauna ma magana ce. Wanda ba ya iya kwanciya sai an tara masa matasai, ko ya kwana a zaune, galibi ruwa ne ya taru a huhunsa saboda zuciya ta gaza. Likitocin Zariya sun yi rubutu a shekarun 1970 a kan yawan wannan ciwo ga mata masu jego, suka danganta shi da wankan jego da kwanciya bisa gado mai wuta da yawan kunun kanwa; binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna akwai hannun talauci da rashin abinci mai gina jiki. Ko mene ne sanadin, mai jegon da ta ce in ta kwanta numfashinta sarƙewa yake yi, ga ƙafa ta kumbura, ba ta bukatar a ƙara wa ruwan wankanta wuta, asibiti take bukata a ranar.

Sai saurare. René Laennec ne ya ƙago abin sauraron ƙirji a Faris a 1816, da farko takarda ya naɗe, daga baya ya sassaƙa na itace. Shi ne ya kamanta ƙarar huhun da ya jiƙe da ƙarar gishiri a kasko mai zafi, misalin da kowace Bahaushiya za ta gane nan take. Amma akwai ƙararrakin da kunne ke ji ba da wani abu ba. Siririn fito lokacin fitar da iska na ƙananan rassa ne da suka tsuke, kamar na mai asma. Ƙara mai kaushi lokacin jan iska kuwa daga maƙogwaro take, tana nufin babbar hanya ce ke toshewa, kuma ba a jira da ita. Ita ake tsoro ga mai mashaƙo, cutar da ta ɓarke a ƙarshen 2022 ta fi tsanani a Jihar Kano. Ku lura da sunan: daga shaƙe aka gina shi, wanda ya raɗa shi ya ga yadda cutar ke kisa.

Abin da majinyaci ya faɗa

Yanzu mun zo inda harshe ke da aiki. Nas ta tsaya a bakin gado ta ce, “Sannu Baba, yaya jiki?” Amsa ita ce, “Da sauƙi, 'yar nan, alhamdu lillahi.” Wannan amsa ba bayanin lafiya ba ce, ladabi ne da godiyar Allah, kuma mai gargara ma in yana iya buɗe baki ita zai bayar. Wanda ya rubuta “majinyaci ya ce ya sami sauƙi” ya fassara kalmomi, bai fassara magana ba. Amma gaisuwar Hausa tana da wani amfani da littafin Turanci bai san da shi ba. Littafin ya ce a duba ko majinyaci yana iya ƙare jimla da numfashi guda. To, ga gwaji an ba mu kyauta: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ƙarfin jiki. Wanda ya amsa su a jere ba tangarɗa, iskarsa ta isa. Wanda ya ce “lafiya”, ya tsaya ya ja iska, kafin ya ce “lau”, ya riga ya ba da labarinsa. Dattijon da aka san shi da doguwar gaisuwa, yau kuma sai ɗaga hannu kawai, a ƙidaya numfashinsa.

Sa'an nan kalmominmu na numfashi suna da yawa, kowace da inda ta dosa. Haki na wanda ya yi gudu ne, in aka ce mutum yana haki alhali yana zaune, an faɗi babban abu. Sai a tambaya, hakin yaushe yake zuwa, in an hau tudu, ko in an je rijiya, ko tsakanin ɗaki da bayan gida? Nishi ga babba zafin ciwo ne, amma ga jariri, ɗan nishin da ke fita tare da kowane numfashi ƙoƙari ne na hana jakunkunan huhu rufewa, alama ce ta haɗari. Shessheƙa ta bayan kuka daban, ta ciwo daban. Ajiyar zuciya ba ta zuciya ba ce, dogon numfashi ne. Majinyaci yakan ce ƙirjinsa ya riƙe, ko ya yi nauyi, ko ana sukarsa a haƙarƙari in ya ja iska, kuma waɗannan uku ba hanya ɗaya suka nufa ba. A ganina ya kamata nas ta rubuta kalmar majinyaci yadda ya faɗe ta da Hausa, kusa da adadin da ta ƙidaya, maimakon ta narkar da su duka cikin kalmar Turanci guda.

Inda wadatar ta zama matsala shi ne sunayen cututtuka. Fuka ana faɗinta ga asma, tarin fuka kuma shi ne tibi, cutar da Robert Koch ya gano ƙwayarta a 1882. Ta farko ba a ɗaukarta, ta biyu ana ɗauka, kuma maganinta wata shida ne ba fashi. In majinyaci ya ce yana da fuka, sai an bi shi da tambaya: tarin ya kai mako biyu, akwai jini a kaki, akwai zufa da dare, akwai rama? Kalmar sanyi ta fi wannan rikici, domin ta haɗa mura da ciwon gaɓoɓi da ciwon mara da nimoniya. Sanyin haƙarƙari suna ne mai kyau wajen nuna wurin ciwo, amma yana sa a ɗauka cewa bargo da man zafi da ƙahon wanzami sun isa, alhali ƙwayar cuta ce ta cika jakunkunan huhu da ruwa. Haka kuma yaron da ke tari ana cewa beli ne, a kai shi a cire, a ƙara masa rauni a kan hanyar iskar da dama ta ƙuntata.

Akwai kuma kunya. Yarinyar da ta kawo ɗanta na fari ba za ta zage tana bayaninsa a gaban surukarta ba, sai kakar ta yi magana, alhali uwar ce ta kwana da shi. Nas mai hankali takan nemi kakar ta ɗan ba su wuri, ko ta tambayi uwar a kaikaice. Ba a kuma ganin ƙirji ta cikin riga da zane da mayafi. A sa labule, a nemi izini, mace ta duba mace in da hali, amma a duba.

Launi

Littattafan jinya suna cewa wanda oksijin ya yi wa ƙaranci fatarsa takan yi shuɗi. A jikin Turawa aka ga haka. Ɗalibin da ya tsaya jiran Bahaushe ya yi shuɗi zai daɗe yana jira. A jikin baƙar fata sai a duba harshe da cikin leɓe da dasashi, a nan ake ganin sun dushe, sun yi toka-toka ko duhu, a tuna kuma goro yana rina baki, lalle yana rufe farce. Ga mai ƙarancin jini ma alamar ba ta cika fitowa ba sam. Na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, wadda Takuo Aoyagi na Japan ya gano dabararta a farkon shekarun 1970, ta rage wannan wahala, kuma annobar korona ta 2020 ta sa mutane da yawa sun san ta. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa 100, in aka sauka ƙasa da 90 ana bukatar oksijin. Sai dai da haske take aiki, saboda haka jan farce da baƙin lalle da sanyin yatsa da motsi suna rikita ta. A ƙarshen 2020 wani bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka ya nuna cewa ƙarancin oksijin da na'urar ta kasa ganowa ya kusa ninka uku ga baƙaƙen fata bisa ga farare. Masu sayo wa gwamnati kayan asibiti su riƙa tambayar a kan wace irin fata aka gwada abin da za su saya. Nas kuma in na'ura ta ce 94, majinyaci yana numfashi 32 yana gumi, ta gaskata idonta.

Yara

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa nimoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 740,000 a 2019. Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2018 Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan waɗannan mace-mace, da kimanin 162,000. Akwai rigakafi, an shigar da allurar nimoniya cikin rigakafin yara a Nijeriya tun ƙarshen 2014, akwai kuma magani mai araha, amoksisilin. Abin da ke kashe yaran galibi jinkiri ne, ana cewa mura ce.

A shekarun 1980 likitoci a Fafuwa Niyu Gini da Gambiya da waɗansu ƙasashe suka nemi hanyar da ma'aikacin ƙauye, wanda ba shi da hoton ƙirji, zai bambanta mura da nimoniya. Abin da suka samu shi ne ƙidayar numfashi, kuma a kansa aka gina ƙa'idar da ake bi. Yaro mai tari ko wahalar numfashi, in bai kai wata 2 ba, 60 a minti ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa 11, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Sai yaron ya natsu ake ƙidayawa, ba yana kuka ba, ya fi kyau yana kan cinyar uwarsa an ɗaga rigarsa. Numfashin jariri yana da gaggawa da tsaitsayawa, don haka ba a ƙidaya rabin minti a ninka, in kuma an sami 60 sai a sake.

Alama ta biyu ita ce lotsawar ƙirji. Ga mai lafiya, in ya ja iska ƙirji da ciki tare suke tasowa. In ƙasan haƙarƙari ya lotsa ciki daidai lokacin da yaro ke jan iska, huhun ya yi tauri ke nan, shamaki yana ja da ƙarfi har ƙashi mai taushi yana bin sa. In kuma aka ga ƙofofin hanci suna buɗewa, ko kai yana gyaɗawa da kowane numfashi, ko yaro ya ƙi nono, ko yana amayar da kome, ko yana jijjiga, ko ba ya farkawa sosai, wannan na babban asibiti ne, ko da tsakar dare.

Duk wannan ba ya bukatar karatun boko, abin da yake bukata shi ne a faɗe shi da Hausar da za a riƙe, a rediyo da makarantun Islamiyya da wurin awon ciki. Agogo yana cikin kowace wayar hannu. Abin ƙidaya kuma yana rataye a kusan kowane ɗaki, watau carbi mai ƙwaya 99 da aka raba 33 sau uku. Ɗaya ya riƙe waya ya ce “fara”, in minti ya cika ya ce “tsaya”, kaka kuma ta riƙa jan ƙwaya guda duk lokacin da cikin yaro ya taso. Ga ɗan shekara 1 zuwa 5, in ta wuce shaida ta farko da ƙwaya 7, ta kai 40. Ga ɗan wata 2 zuwa 11, shaida ta farko da ƙwaya 17, watau rabin carbi. Ga jaririn da bai kai wata 2 ba, in saura ƙwaya 6 ta isa shaida ta biyu, a ɗauki mayafi a nufi asibiti, in an isa kuma a gaya wa nas adadin da aka samu da lokacin da aka ƙidaya.